Tambarin Halal a Kan Kwalin Magani: Hukuncin Larura da Dokar Ƙasar Indonesiya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki dokar tabbatar da halaccin kayayyaki ta ƙasar Indonesiya, wato doka mai lamba 33 ta shekarar 2014, ta dubi abin da ta tanada game da magunguna da alluran rigakafi, sannan ta auna tanadin da ma'aunin fiƙihu. Abin da take son nunawa shi ne cewa takardar shaidar halal hukunci ce a kan abin da ke cikin kwalba kaɗai, alhali fiƙihu a babin magani yana duba abin da ke cikin kwalbar tare da halin wanda zai sha, kuma a giɓin da ke tsakanin hukuncin biyu ne marasa lafiya suka fi cutuwa.

Asalin dokar da abin da ta ƙunsa

Musulmin Indonesiya sun haura miliyan 230, kusan kashi 87 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma galibinsu mazhabar Shafi'iyya suke bi, sai dai tsarin mulkin ƙasar na 1945 bai ayyana Musulunci a matsayin addinin gwamnati ba, ya dai lamunce wa kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa a sashe na 29, sannan gyaran da aka yi masa a shekarar 2000 ya ƙara haƙƙin samun kulawar lafiya a sashe na 28H. Waɗannan haƙƙoƙi biyu ba su cika karo da juna ba a batun abinci, domin wanda ya bar abin da yake shakka a kansa yana da wani abincin da zai koma gare shi. A batun magani kuwa sukan yi karo, domin sau da yawa babu na biyun da za a koma gare shi, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya zama sanadin rai.

Tantance halal a ƙasar ya samo asali ne daga ruɗanin da ya auku a 1988, lokacin da binciken wani malamin Jami'ar Brawijaya da ke Malang, Tri Susanto, ya nuna yiwuwar cewa wasu kayan abinci da ke kasuwa suna ɗauke da sinadaran da aka samo daga alade, sai jerin sunayen kayan ya bazu a hannun jama'a ana ta ƙara masa, ciniki ya karye, hankalin mutane ya tashi. A Janairun 1989 Majalisar Malaman Indonesiya, wadda aka fi sani da MUI, ta kafa cibiyarta ta binciken abinci da magunguna da kayan kwalliya mai suna LPPOM, kuma tsawon shekaru bayan haka neman tambarin halal ya kasance na ganin dama, kamfanin da ke so ya nema, wanda ba ya so ya bari.

Dokar 2014 ce ta mayar da ganin damar wajibi. Sashenta na 4 ya ce duk kayan da ya shigo ƙasar, ko yake yawo a cikinta, ko ake cinikinsa, dole ya mallaki takardar shaidar halal, kuma ma'anar kaya a dokar ta haɗa da magani da sinadarai da abubuwan da aka samo daga halittu masu rai. Ta raba aikin gida uku: hukumar gwamnati mai suna BPJPH, wadda aka kafa a 2017, ita ke karɓar buƙata tana kuma bayar da takardar, cibiyoyin bincike su ke shiga masana'anta su duba kayan haɗi da hanyar sarrafawa, malamai kuma su ke yanke hukunci. Sashe na 21 ya wajabta raba wuri da kayan aikin da ake sarrafa halal da na waninsa, sashe na 26 ya ɗauke wa mai sarrafa kaya da abin haram nauyin neman takarda amma ya ɗora masa rubuta cewa kayan ba halal ba ne, sashe na 56 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar rufiya biliyan 2 ga wanda ya karɓi takarda sannan ya kasa kiyaye halaccin kayansa. Maƙwabciyarta Malesiya ta riga ta shiga wannan fage, domin a 2012 ta fitar da ƙa'idar MS 2424 ta magungunan halal, amma ita ta bar neman tambari a hannun kamfani, hukunci sai ga wanda ya yi da'awar halal ta ƙarya.

Tun dokar tana ƙudiri, ministar lafiya ta lokacin, Nafsiah Mboi, ta nemi a cire magunguna da alluran rigakafi daga cikinta, ba ta kuma yi nasara ba. Abin da aka samu a maimakon cirewar shi ne jinkiri hawa-hawa. Jadawalin da gwamnati ta fitar a 2021 ya bai wa magungunan gargajiya da na ƙarin lafiyar jiki wa'adi zuwa 17 ga Oktoba 2026, magungunan da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba zuwa 2029, waɗanda sai da takardar likita kuma zuwa 2034. Tsawon wannan wa'adi kansa shaida ne cewa masu dokar sun gane magani ba ɗaya yake da biskit ba.

Abin da ke cikin kwalba

Kowane maganin zamani yana da sinadarin da ke yin aikin warkarwa, yana kuma da sinadarai 'yan rakiya waɗanda ke riƙe ƙwayar kada ta ruguje, ko su ba ta santsi a cikin inji, ko su kare ta daga lalacewa, kuma a cikin 'yan rakiyar ne shakka ta fi yawa. Jelatin, wanda da shi ake yin ɓawon kafso kuma ake zuba shi a wasu alluran rigakafi domin ya tsare ƙarfinsu, ana tace shi ne daga fata da ƙashin dabba, fatar alade kuwa tana cikin manyan tushensa a kasuwar duniya. Gilisarin da magnisiyam sitiyaret suna iya fitowa daga man tsiro ko daga kitsen dabba, ba a kuma gane bambancin da ido. Wannan rukuni ba shi da wuyar warwarewa, domin akwai jelatin saniyar da aka yanka bisa shari'a, akwai na kifi, akwai kuma kafson da aka yi da sinadarin tsiro, don haka tilastawar doka a nan tana da ma'ana, tana kuma iya cim ma abin da take nema.

Inda gizo ke saƙar shi ne rukuni na biyu, wanda a cikinsa sinadarin warkarwar kansa daga alade yake. Hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa, wanda ba a wankin ƙoda ko tiyatar zuciya sai da shi a galibin asibitocin duniya, daga yauƙin da ke shimfiɗe a cikin hanjin alade ake fitar da mafi yawansa, haka ma 'ya'yansa irin su inoksafarin da ake yi wa masu juna biyu da ke fuskantar toshewar jijiya. Fankiriyatin, wanda ake bai wa mutumin da jikinsa ya kasa fitar da ruwan narkar da abinci, daga jikin alade ake samo shi. Maganin da ake ɗura wa bakwaini a huhu domin ya iya numfashi yana da irin da aka samo daga huhun alade, Curosurf, da irin da aka samo daga huhun saniya, Survanta, ita ma saniyar ba lalle ne an yanka ta bisa shari'a ba. Tarihin insulin ya nuna cewa irin wannan hali yana iya canzawa, domin shekaru sittin masu ciwon suga suna dogara da na alade da na saniya kafin a 1982 a fara sayar da wanda ake sarrafawa ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, amma canjin ya zo ne daga ci gaban ilimi, ba a iya yanka masa rana da doka.

Rukuni na uku shi ne wanda alade ya ratsa hanyar sarrafa shi ba tare da ya zauna a cikinsa ba. Ƙwayoyin cutar da ake yin wasu alluran rigakafi da su ana renon su ne a kan ƙwayoyin halitta masu manne wa jikin kwano, kuma ana amfani da sinadarin tirifsin, wanda galibi daga alade yake, domin a ɓanɓare su, sannan a wanke, a tace sau da yawa, har ya zama gwajin ɗakin bincike ba ya ganin komai nasa a cikin allurar. A nan na'ura ba ta da abin cewa, magana ta koma ga takardun masana'anta da kuma fiƙihu. Idan aka ƙara da cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kayan haɗa magani a Indonesiya daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin da Indiya, za a ga cewa mai binciken halal yana bin sawun abu ne ta hannun kamfanoni da dama waɗanda dokar ƙasarsa ba ta da iko a kansu.

Abin da fiƙihu ya ce

Haramcin mushe da jini da naman alade ya zo a wurare huɗu a Alƙur'ani, aya ta 173 a suratul Baƙara, ta 3 a Ma'ida, ta 145 a An'am da ta 115 a Nahli, kuma a dukkan huɗun an biyo haramcin da togiya ga wanda ya matsu. Daga nan malamai suka ciro ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana, suka kuma ɗaure ta da 'yar'uwarta mai cewa ana auna larura da gwargwadonta. Larura a nan ita ce halin da mutum zai halaka, ko ya rasa wata gaɓa, idan bai taɓa abin da aka hana ba. A ƙasa da ita akwai buƙata, wato halin ƙunci mai tsanani wanda bai kai halaka ba, kuma malaman usulu sun ce buƙatar da ta game jama'a takan hau matsayin larura.

Tambayar da malamai suka yi saɓani a kanta ita ce ko ciwo yana shiga cikin wannan togiya kamar yadda yunwa ta shiga. Masu hanawa sun kafa hujja da hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid da Muslim ya ruwaito, inda aka siffanta giya da cewa cuta ce ba magani ba, da hadisin Abud Darda'i a Sunan Abi Dawud mai hana yin magani da haram. Masu halattawa kuma sun kafa hujja da rangwamen da aka yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu na sanya alharini saboda ƙaiƙayi, da hadisin mutanen Uraina da aka umarta da shan nono da fitsarin raƙuma, a wajen waɗanda suke ganin fitsarin najasa ne. Mazhabar Malikiyya tana cikin masu tsanantawa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a makarantun zaure ya san cewa ta hana yin magani da giya da najasa da abin da ke da mushe a cikinsa. Shafi'iyya kuwa, kamar yadda Imam Nawawi ya bayyana a Majmu'u, sun halatta yin magani da najasa in ban da tsantsar giya, da sharaɗin babu mai tsarkin da zai tsaya a madadinta, kuma wanda ya san likitanci, amintacce, ya ba da labarin amfaninta. Izzu ɗan Abdussalam ya ba da dalilin haka da cewa maslahar lafiya ta fi maslahar guje wa najasa girma.

Akwai wata hujja ta masu hanawa da ta cancanci a tsaya a kanta. Ibnu Taimiyya ya bambanta yunwa da ciwo da cewa wanda ya ci mushe yana da yaƙinin yunwarsa za ta tafi, mai shan magani kuwa zato kawai yake yi, kuma waraka tana iya zuwa ta wasu hanyoyi. Wannan siffa ta dace da likitancin zamaninsa. Ba ta dace da mutumin da ke kwance a kan injin wankin ƙoda ba, domin an san abin da hefarin zai yi a jininsa kamar yadda aka san abin da abinci zai yi a cikin mayunwaci, kuma idan dalilin hukunci ya gushe, ba adalci ba ne ga malamin da ya kafa shi a ci gaba da jingina masa hukuncin.

Ƙofa ta biyu ita ce istihala, wato rikiɗar abu daga ainihinsa zuwa wani abu dabam mai sabon suna da sabuwar siffa. Hanafiyya sun karɓe ta da faɗi, har suka buga misali da aladen da ya faɗa mahaƙar gishiri ya zama gishiri, suka ce gishirin mai tsarki ne. Malikiyya sun ce abin da ya rikiɗa zuwa ga kyau ya tsarkaka, kamar jinin barewa da ya zama miski da giyar da ta zama khal, ruwan tsamin nan na miya. Ibnu Hazm da Ibnu Taimiyya su ma a kan haka suke. Shafi'iyya kuwa sun taƙaita ta ga giyar da ta zama khal da kanta da fatar mushen da aka jeme, suka kuma cire fatar alade da ta kare. Abin lura a nan shi ne kowace mazhaba ta bar wa majinyaci ƙofa: Malikiyya sun ƙuntata ƙofar magani da najasa suka faɗaɗa ta rikiɗa, Shafi'iyya sun ƙuntata ta rikiɗa suka faɗaɗa ta magani. Wanda ya ɗauki ƙuncin wannan ya haɗa da ƙuncin waccan ya zo da tsananin da babu mazhabar da ta faɗe shi.

Majalisun fiƙihu na zamani ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta hana amfani da jelatin alade a abinci saboda akwai na halal da ya wadatar. Taron da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya ce jelatin da aka samo daga ƙashi da fatar dabba mai najasa ya rikiɗa, ya zama mai tsarki, kuma ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin gabashin Bahar Rum ya yaɗa wannan matsayi a 2001. A 2003 Majalisar Fatawa ta Turai ta halatta ɗigon rigakafin shan inna duk da tirifsin alade da ya ratsa hanyar sarrafa shi.

Lokacin da fatawa ta zama doka

MUI ta zaɓi mafi ƙuncin ra'ayoyin nan a batun alade. A wajenta duk abin da aka amfana da wani ɓangare na alade a hanyar yin sa haramun ne, ko da babu ɓurɓushinsa a abin da ya fito, kuma ta nuna haka tun a Disambar 2000, lokacin da ta haramta farin magin Ajinomoto saboda sinadarin alade da aka yi amfani da shi wajen shirya abincin bakteriyar da ke cikin hanyar sarrafawa. Shugaban ƙasa na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda malami ne kuma tsohon shugaban ƙungiyar Nahdlatul Ulama, ya fito ya ce magin halal ne. A wancan lokaci saɓani ne tsakanin malamai, mai saye ya bi wanda zuciyarsa ta natsu da shi. Bayan dokar 2014 kuwa ɗaya daga cikin ra'ayoyin biyu ya zama sharaɗin shiga kasuwa, wato gwamnatin da ba ta addini ba ce ta rinjayar da wani ra'ayin fiƙihu a kan wani. A batun barasa majalisar ta fi sassauci, domin fatawarta mai lamba 40 ta 2018 ta halatta itanol a magani matuƙar ba daga masana'antar giya ya fito ba kuma ba ya cutarwa.

Fatawar majalisar mai lamba 30 ta 2013 a kan magani ta bi tafarkin Shafi'iyya sau da ƙafa: asali a yi magani da mai tsarki, halal, amma ana iya amfani da najasa ko haram idan akwai larura, ba a sami madadi ba, kuma ƙwararre amintacce ya ba da shawara. Wannan ya sa fatawowinta a kan alluran rigakafi suke zuwa da fuska biyu, haramci a kan abin, halacci a kan amfani da shi. Ba za a musa cewa tsarin ya taɓa haifar da alheri ba. A 2009 ta haramta allurar sanƙarau ta kamfanin GlaxoSmithKline wadda mahajjata ke yi saboda sharaɗin Saudiyya, ta kuma halatta ta bisa larura ga mai aikin hajjin farilla, sai ga shi a 2010 an samo wasu allurai biyu, ta Novartis da ta wani kamfanin Sin, da majalisar ta tabbatar da halaccinsu. Hujjar malaman ita ce idan aka bar kalmar larura a buɗe ba tare da matsin lamba ba, masu masana'antu za su laɓe a bayanta har abada, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi.

Amma abin da ya faru a 2018 ya nuna tsadar fatawa mai fuska biyu idan ta faɗa kunnen jama'a. A ranar 1 ga Agusta gwamnati ta fara zagaye na biyu na rigakafin ƙyanda da rubela, cutar da kan sa a haifi jariri kurma ko makaho ko da ciwon zuciya idan ta kama mai juna biyu, da nufin kai wa ga yara kusan miliyan 32 a tsibiran da ke wajen Java, bayan zagayen Java na 2017 ya yi nasara. Allurar ta kamfanin Serum Institute na Indiya ce, ba ta kuma da takardar halal. Sai a ranar 20 ga watan, bayan makonni ana ta kai-komo a masallatai da makarantu, majalisar ta fitar da fatawa mai lamba 33 wadda ta ce allurar haramun ce saboda an yi amfani da abin alade a sarrafa ta, amma yin ta ya halatta saboda larura da rashin madadi. Iyaye da yawa rabin farko suka ji. An so a kai kashi 95 cikin 100, amma a lardin Aceh ba a kai kashi 10 ba a ƙarshen Satumba, lokacin da aka tsara kammalawa, sai da aka tsawaita aikin, kuma duk da haka ba a kusanci abin da aka nufa ba. Hukuncin shari'a a kan uban da ke tsaye a ƙofar makaranta shi ne halal ne a yi wa ɗansa allurar, wannan kuma shi ne abin da ya shafe shi, amma kalmar da ta yi gaba a kanun labarai ita ce haram.

Haka aka maimaita a zamanin korona. A Janairun 2021 majalisar ta ce allurar Sinovac mai tsarki ce, halal, a Maris kuma ta ce ta AstraZeneca da aka sarrafa a Koriya ta Kudu haramun ce saboda tirifsin amma ana iya yin ta saboda buƙata, yayin da malaman Nahdlatul Ulama na Gabashin Java suka ce halal ce, bisa hujjar cewa babu najasa a cikin abin da ake yi wa mutum. A Afrilun 2022 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata gidauniyar kare masu saye Musulmi ta shigar, ta yanke cewa wajibi ne gwamnati ta lamunce halaccin alluran koronar da take amfani da su, tana mai dogara da dokar 2014. Da wannan hukunci halaccin magani ya tashi daga abin da Musulmi yake kiyayewa tsakaninsa da Ubangijinsa ya zama haƙƙin da yake iya nema a gaban alƙali.

Mutanen Kano sun san wani ɓangare na wannan labari, ko da yake damuwarsu a 2003 ta shafi zargin gurɓata ɗigon shan inna ne, ba batun alade ba. Lokacin da jihar ta koma yin rigakafin a Yulin 2004 bayan ta dakatar da shi, ta koma ne da ɗigon kamfanin Bio Farma na Bandung a Indonesiya, kuma kasancewarsa daga ƙasar Musulmi ya taimaka wajen dawo da natsuwa. Amincewar jama'a ita ce ainihin abin da tambari ke sayo wa hukuma, don haka rashinsa a kan kwalba ɗaya bayan an saba ganinsa a kan sauran yana iya rushe amincewar.

Giɓin da ya rage

Takardar shaida amsa biyu kawai ta sani, akwai ko babu. Fiƙihu kuwa yana da matsayi na uku, na abin da yake haramun a zatinsa amma halal, wani lokaci ma wajibi, ga wannan majinyaci a wannan hali. Fatawar da kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya bayar a 2009 ta nuna wuyar mayar da wannan matsayi hukunci na bai ɗaya. Kwamitin ya hana amfani da Clexane da Fraxiparine, waɗanda daga hefarin alade suke, saboda akwai Arixtra da ake haɗawa a masana'anta ba tare da dabba ba. Sai dai likitoci sun san Arixtra ba a ba wa wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, ba shi ne aka fi zaɓa wa mai juna biyu ba, kuma maganin da ke karya ƙarfin hefarin idan jini ya ɓalle ba ya aiki a kansa. Madadin da ya wadatar da majinyaci ɗaya bai wadatar da na gadon kusa da shi ba, kuma wannan ne ya sa malaman da suka gabata suka ɗora sharaɗin a kan maganar likita amintacce, ba su ɗora shi a kan sunan magani ba.

Gwamnatin Indonesiya ta shigo da larura cikin dokarta ta bayan gida, domin ƙa'idar zartarwa mai lamba 39 ta 2021 ta yarda maganin da ba a samo masa kayan haɗi na halal ba ya ci gaba da yawo a kasuwa muddin an rubuta asalin kayan, har zuwa lokacin da za a samo. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ya dace da abin da dokar ƙasa ta fi iyawa, wato tilasta faɗin gaskiya. A farkon 2018 hukumar kula da magunguna ta ƙasar, BPOM, ta janye lasisin Viostin DS da Enzyplex bayan gwajin samfurin kasuwa ya gano alamar halittar alade a cikinsu alhali kwalinsu bai faɗa ba, kuma babu malamin wata mazhaba da zai yi jayayya a kan cewa ɓoye wa mai saye abin da yake ƙi algus ne. Amma rubutun asali kaɗai rabin labari yake gaya wa majinyaci, domin ya sanar da shi cewa akwai alade bai sanar da shi cewa shari'a ta yi masa izini ba.

Abin da wannan maƙala ke gani shi ne a tilasta bayyana asali a kan kowane magani, a tilasta neman takarda a rukunin da madadinsa ya tabbata kamar kafso da 'yan rakiya, sannan a ƙirƙiri matsayi na uku a cikin dokar kanta ga magungunan da ba su da madadi. BPOM da ƙungiyoyin likitoci da malamai su zauna su tsara jerin waɗannan magunguna, ana sake duba shi lokaci zuwa lokaci domin larurar ta tsaya a gwargwadonta, kuma rubutun da ke kan kwalinsu ya fara da izinin shari'a kafin ya ambaci asali. A shirin rigakafi na ƙasa baki ɗaya kuwa, a kammala hukuncin kafin allura ta farko ta bar ma'ajiya. Akwai kuma batun kuɗi, domin raba injuna da wuraren ajiya yana da tsada, kuma tsarin inshorar lafiya na ƙasa da ya fara aiki a Janairun 2014 yana sayen magunguna ne a farashi mai rahusa ƙwarai, don haka kamfanin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba yana iya daina yin wani magani gaba ɗaya maimakon ya gina masa sabon layi. Hefarin da maganin huhun bakwaini duka suna cikin waɗanda ba a bayarwa sai ta hannun likita, kuma kafin wa'adin magungunan wannan aji ya cika a Oktoban 2034 ya kamata a ce jerin ya riga ya isa hannun kowane mai harhaɗa magunguna da kowane limamin Juma'a a ƙasar.